Yadda ake lissafin firam ɗin ƙarfe da kwamfuta, daga zana samfuri zuwa duba sakamako

Manhajar lissafin gini ba ta san ginin da za a kafa a fili ba. Abin da ta sani shi ne layuka da ɗigo-ɗigon da aka zana mata, da lambobin da aka cusa mata. Idan an ce mata ginshiƙi a miƙe yake sak, za ta yarda. Idan an ce mata gindinsa a kafe yake ba ya motsi, nan ma za ta yarda, ko da kuwa noti biyu ne kawai ke riƙe da shi a kan kankare. Saboda haka aikin injiniya, ko muhandis kamar yadda ake kiransa a nan Saudiyya, shi ne ya sa firam ɗin da ke cikin kwamfuta ya yi kama da wanda 'yan walda da masu ɗaure noti za su tayar, da karkacewarsa da rauninsa duka. Abin da ke tafe ya shafi manhajojin ETABS da SAP2000 da STAAD.Pro da Robot baki ɗaya. Wurin danna maɓalli ne ya bambanta, lissafin ɗaya ne.

Abin da ke faruwa a cikin manhajar

Kowace gaɓar ƙarfe, ginshiƙi ko bim, manhaja tana ɗaukarta a matsayin sanda mai baki biyu. Kowane baki yana iya motsi ta hanya shida: gusawa ta fuska uku, juyawa ta fuska uku. Daga tsawon gaɓar da faɗin jikinta da taurin ƙarfenta ake fitar da jadawalin lambobi da ke nuna irin ƙarfin da ake bukata kafin kowane baki ya motsa. Sai a harhaɗa jadawalan gaɓoɓi duka su zama babban jadawali ɗaya na ginin, a warware shi, a sami motsin kowace mahaɗa, daga nan a koma a fitar da ƙarfin da ke cikin kowace gaɓa. Hanyar ta fito ne daga masana'antar ƙera jiragen sama a shekarun 1950, kuma shirin SAP na farko Edward Wilson ne ya rubuta shi a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 1970. Wannan lissafi na farko yana ɗauka cewa ginin bai motsa daga inda aka zana shi ba a lokacin da ake auna daidaiton nauyi. A kankare mai kauri ba a cika ganin illar wannan zato ba. A ƙarfe siriri kuwa, nan matsala take.

Mataki na farko: ƙa'ida, irin ƙarfe da ma'auni

A Saudiyya ƙa'idar nauyin da ake ɗora wa gini tana cikin kundin ƙa'idojin gini na ƙasar, SBC 301, ƙa'idar ginin ƙarfe kuma SBC 306. Na farko ya ginu a kan ASCE 7 ta Amurka, na biyu a kan ƙa'idar AISC, cibiyar ginin ƙarfe ta Amurka. Tun kafin ka zana layi ɗaya, ka tabbatar da bugun da baladiyya, wato hukumar birni, da ofishin da zai duba aikin suke karɓa, domin akwai bambanci mai haɗari tsakanin tsofaffin bugu da sababbi a kan iska. A tsohon tsarin ASCE 7 ana ɗaukar gudun iskar da ake sa ran samu kamar sau ɗaya a shekara hamsin a ninka nauyinta da 1.6. Daga bugun 2010 aka ɗaga gudun iskar da ke kan taswira, aka mayar da ninkin 1.0. Wanda ya ɗauki gudu daga tsohuwar taswira ya haɗa da sabon ninki ya rage wa gininsa nauyin iska da fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma babu manhajar da za ta tsawata masa.

Taurin ƙarfe E shi ne 200,000 MPa, nauyinsa kilo 7,850 a kowace kubik mita (m³). Ƙarfin da yake fara saki a kai ya danganta da iri: A36 yana da 250 MPa, A992 da A572 mai lamba 50 suna da 345, S275 da S355 na Turai kuwa lambarsu ce ƙarfinsu, sai dai yana ɗan raguwa idan kaurin ƙarfen ya wuce milimita 16. Kasuwar Jidda da Dammam cike take da ƙarafa masu siffar I da H, irin IPE da HEA da HEB na Turai, da UB da UC na Ingila. Ka tambayi mai ƙera ƙarfen abin da zai iya samu kafin ka cika samfurinka da W na Amurka, daga baya a zo ana musanya maka da "mai kama da shi".

Ka tsaya a kan ma'auni ɗaya, kN da mita, ka rubuta shi a saman takardar lissafi.

Mataki na biyu: zana samfurin

A zana kowace gaɓa a kan layin tsakiyarta, a tabbata bim da ginshiƙi sun haɗu a ɗigo ɗaya. Idan an shigo da zanen daga AutoCAD, sau da yawa za a tarar da ɗigo biyu da tazarar milimita biyu ko uku a tsakaninsu. A ido sun haɗu, a lissafi bim ɗin yana rataye a iska. Kowace manhaja tana da umarnin haɗe ɗigon da suka yi kusa. A yi amfani da shi da tazarar da ba ta wuce milimita biyar ba, sannan a duba da ido.

Sai juyin gaɓa. Ƙarfe mai siffar H yana da gefe mai ƙarfi da gefe mai rauni. HEB 200 ya fi tauri kusan ninki uku ta gefe mai ƙarfi, IPE 300 kuwa ya haura ninki goma sha uku. Ka kunna hoton da ke nuna cikakken jikin ƙarfen, ka zagaya ginin ginshiƙi bayan ginshiƙi. Ginshiƙi ɗaya da ya juya da digiri 90 ya isa ya ɓata lissafin hawa guda.

Mahaɗar bim da ginshiƙi ita ce wurin da ake yawan yi wa kwamfuta ƙarya. Manhaja tana ɗaukar kowace mahaɗa a kafe sai an gaya mata akasin haka. Mahaɗar da aka yi da faranti ɗaya a tsakiyar bim da noti uku ba ta ɗaukar ƙarfin lanƙwasa, dole a sake ta. Wadda aka yi da faranti mai kauri da ya zarce leɓen bim, wato faffaɗan ƙarfen da ke kwance, sama da ƙasa, da ƙarafan ƙarfafawa a cikin ginshiƙi, ita ce kafaffiya. Tsakaninsu akwai masu rabin tauri, kuma akwai ma'aunin rarrabe su. A sharhin AISC, idan taurin juyawar mahaɗa ya kai ninki 20 na EI/L na bim ɗin (I lambar taurin siffar jikinsa, L tsawonsa), kafaffiya ce. Idan bai kai ninki 2 ba, sakakkiya ce. Duk abin da ya faɗa tsakani a saka shi a matsayin sifirin (spring) mai juyawa da lambar taurinsa ta gaskiya. Amma a kula da sakin: idan aka saki duk gaɓoɓin da suka haɗu a ɗigo ɗaya, ɗigon ba shi da abin da zai hana shi juyawa, manhaja za ta yi ƙorafin cewa ginin ba shi da tsayuwa. A bar gaɓa ɗaya a kafe a kowane ɗigo. Haka kuma kada a saki murɗawa a bakin bim duka biyu.

Gindin ginshiƙi ma haka. Noti biyu ko huɗu a tsakanin leɓuna, a ɗauke shi sakakke. Kafaffen gindi yana bukatar faranti mai kauri, noti a wajen leɓuna, da harsashin da zai iya riƙe juyin. A ƙasar sabka ta Jubail da wasu sassan gaɓar Jidda da Jazan, inda ƙasa take da laushi da gishiri, harsashin kansa yana juyawa. A irin wannan wuri a karɓi lambar taurin ƙasa daga rahoton gwajin ƙasa a saka sifirin, ko a gudanar da lissafin sau biyu, gindi a kafe da gindi a sake, a ɗauki mafi muni a kowace gaɓa.

Akwai ginshiƙan da aikinsu ɗaukar nauyin sama kawai, sakakku sama da ƙasa. Wasu suna cire su daga samfurin wai don ba sa taimakawa wurin tare iska. Gaskiya ne ba sa taimakawa, amma suna jingina. Da zarar gini ya ɗan karkata, nauyin da ke kansu yana tura shi gaba, kuma firam ɗin da ke tare iska ne zai riƙe su. Dole su kasance a ciki da cikakken nauyinsu.

Mataki na uku: nauyi

Nauyin gini na dindindin da na mutane da kaya kowa ya san su. Abin da ake mantawa a wannan ƙasa shi ne na'urorin sanyaya ɗaki da tankunan ruwa da ke kan rufi, da faifan sola da mai gini zai ƙara bayan shekara biyu. Tankin lita 5,000 tan biyar ne a wuri ɗaya. A rufin da bai da gangara sosai a yi lissafin ruwan da zai kwanta idan yashi ya toshe magudana. Ruwa mai zurfin santimita 10 yana ba da kusan 1 kN a kowace murabba'in mita, kuma ruwan Jidda idan ya zo ba ya sallama.

Zafi nauyi ne. Ƙarfe yana miƙewa da kusan milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Sito mai tsawon mita 60 da aka ɗaure da sanyin Janairu, idan jikinsa ya ƙaru da digiri 30 a Yuli, zai so ya miƙe da milimita 21.6. In an saka ƙarafan gicciye a ƙarshen sito duka biyu, an hana shi miƙewa, ƙarfin zai koma cikin ƙarafan tsawo da notinsu. Shi ya sa ya fi kyau gicciyen ya zauna kusa da tsakiya.

Girgizar ƙasa ta danganta da yanki. Riyad ba ta da yawa. Tabuk da Haƙal da ke bakin mashigin Aƙaba, inda aka yi babbar girgiza a Nuwambar 1995, da Jazan a kudu, lamarinsu daban ne. Idan za a yi lissafin kaɗawar gini, a ƙara yawan salon kaɗawa har nauyin da ya shiga lissafin ya kai kashi 90 cikin ɗari ta kowace fuska.

Mataki na huɗu: gudu na farko, don kama kuskure

Kada ka fara da lissafi mai zurfi. Ka gudanar da mai sauƙi da nauyin jikin ginin kaɗai, ka duba abu uku. Jimillar abin da harsashi ya ɗauka ta yi daidai da nauyin ƙarfen da ka ƙiyasta da hannu? Hoton lanƙwashewar ginin ya yi kama da hankali, ko akwai bim ɗin da ya faɗi mita uku? Bim ɗaya sakakke, ƙarfin lanƙwasarsa a tsakiya ya zo daidai da wL²/8, inda w ke nufin nauyi a kowace mita? Bim mai tsawon mita 6 da nauyin 20 kN a mita dole ya ba da 90. Idan ka ga 30 a tsakiya da 60 a baki, ba ka sake shi ba.

Mataki na biyar: P-Delta

Nan ne ainihin aikin. Ginshiƙi yana ɗauke da nauyi P daga sama. Iska ta tura kansa gefe da tazarar delta. Yanzu nauyin P ba ya kan gindin ginshiƙin, ya goce, kuma P sau delta ƙarin ƙarfin lanƙwasa ne da lissafin farko bai gani ba. Wannan ƙarin yana ƙara karkatar, karkatar tana ƙara shi, a haka har abin ya tsaya a wani wuri, ko kuma ya ƙi tsayawa ginin ya kwanta. Kamar mai tallan da ya ɗauko tulu a ka ne: muddin wuyansa a miƙe yake lafiya lau, da ya ɗan karkace sai nauyin tulun kansa ya shiga ja masa wuya.

Iri biyu ne. Babbar delta ita ce gocewar hawa guda, saman ginshiƙi a kan gindinsa. Ƙaramar delta ita ce lanƙwashewar jikin gaɓar tsakanin bakinta biyu. Yawancin manhajoji suna kama babbar da zarar an kunna P-Delta, amma ƙaramar sai an yanka gaɓar gunduwa-gunduwa, domin manhaja motsin ɗigo kawai take bi. A raba kowane ginshiƙi mai nauyi sosai gida huɗu aƙalla. A yi rabon ta hanyar umarnin rabo na cikin gida, wanda zai bar gaɓar a matsayin abu ɗaya wurin duba ƙarfinta. In ka yanka ta da hannu, manhaja tana iya ɗauka tsawon da ba tokara ya zama kwata, ta ba ka ƙarfin da babu shi.

Kafin ka amince da manhajarka, ka gwada ta da abin da aka san amsarsa. Ɗauki HEB 200 mai tsawon mita 4, kafe a ƙasa, sake a sama, yana lanƙwasa ta gefe mai ƙarfi inda I ya kai 5,696 cm⁴. Tura kansa gefe da 10 kN. Lissafin farko zai ba da gocewar kusan milimita 18.7 da ƙarfin lanƙwasa 40 kN·m a gindi. Yanzu ɗora masa 600 kN daga sama ka kunna P-Delta. Amsar gaskiya ita ce kusan milimita 28.3 da 57 kN·m. Idan har yanzu 40 kake gani, P-Delta bai yi aiki ba ko da akwatin yana nuna an kunna. Idan ka ga abin da ya gaza 57 da fiye da kashi uku cikin ɗari, ƙara yawan gunduwa. Nauyin da zai tanƙware wannan ginshiƙi gaba ɗaya, bisa lissafin Euler na 1744, shi ne π²EI/4L², wato kusan 1,757 kN. Da kashi ɗaya cikin uku na wannan nauyi kawai, gocewa ta riga ta ƙaru da rabi. Sharhin AISC yana da irin wannan gwaji guda biyu da amsoshinsu, kuma bai kamata a sa hannu a lissafin da aka yi da manhajar da ba a gwada ba.

Mataki na shida: saka wa samfurin aibin gini na gaskiya

Tsohuwar hanya ita ce a nemi lambar K ta kowane ginshiƙi daga taswirar layuka, a ninka tsawonsa da ita. Hanyar lissafi kai tsaye, wadda ta shiga AISC 360 a 2005 ta koma babi na C a 2010, ta sauya wannan. Maimakon a ƙara wa ginshiƙi tsawon ƙarya, sai a saka abubuwan da ke raunana shi cikin lissafin, a bar K a 1.0. Abubuwan biyu ne.

Na ɗaya, babu ginin da ke tsaye sak. Ƙa'idar kafa ƙarfe ta yarda ginshiƙi ya karkata da kashi 1 cikin 500 na tsayinsa, wato milimita 7.2 a hawa mai mita 3.6. Ana iya zana samfurin a karkace, amma abin da ya fi sauƙi shi ne a tura kowane hawa gefe da nauyin wakilci, 0.002 na nauyin saman da ke wannan hawa bayan an ninka shi. Hawan da ke ɗauke da 2,400 kN zai sami 4.8 kN. Lambar ƙarama ce, har wasu suna raina ta, amma a haɗin nauyin da babu iska ita kaɗai ce ke fara karkatar da ginin, kuma in babu ita P-Delta ba shi da abin da zai ninka. A raba ta a kan ginshiƙai gwargwadon nauyin kowanne, a gwada ta fuska huɗu ɗaya bayan ɗaya. Idan gocewar P-Delta ba ta wuce ninki 1.7 na gocewar farko ba, ya halatta a saka ta a haɗin nauyin sama kawai. In ta wuce, a ƙara ta har a haɗin da ke da iska, ta fuskar da iskar ke turawa.

Na biyu, ƙarfe yana fitowa daga masana'anta da damuwa a cikinsa, saboda bakin leɓuna yana rigan tsakiya hucewa. Sakamakon haka wasu sassan jikinsa suna fara saki tun nauyi bai kai iyaka ba, taurinsa ya ragu. Ƙa'ida ta ce a ninka taurin duk gaɓoɓin da ke riƙe da tsayuwar gini da 0.8, a ƙara wa taurin lanƙwasa wani ninki da ake kira τb. Idan nauyin da ke kan ginshiƙi bai wuce rabin abin da zai murƙushe jikinsa ba, τb ɗaya ne. In ya wuce, τb shi ne 4r(1 − r), inda r ke nufin wannan kaso. Misali HEB 200 na S355 yana murƙushewa a kusan 2,770 kN. Da 1,800 kN a kansa r ya zama 0.65, τb ya zama 0.91, taurin da za a yi aiki da shi ya koma 0.73 na asali. Tunda τb ya danganta da sakamakon lissafin, sai an yi zagaye: a gudanar, a duba gaɓoɓi, a sake gudanarwa. A ETABS da SAP2000 ragin ba ya shiga sai bayan an yi dubawar farko, don haka sakamakon gudu na farko ba na hanyar kai tsaye ba ne. Wanda ba ya son zagayen yana iya barin τb a ɗaya ya ƙara nauyin wakilci na 0.001 a duk haɗin nauyi.

Ragin tauri na lissafin ƙarfi ne kawai. Idan za a duba gocewar da mazauna za su ji, ko tsawon lokacin kaɗawar gini, a koma cikakken tauri. Ya fi sauƙi a ajiye samfuri biyu.

Mataki na bakwai: kowane haɗin nauyi da gudunsa

A lissafin farko ana iya gudanar da nauyin dindindin shi kaɗai, iska ita kaɗai, daga baya a ninka a tara. A P-Delta wannan tarawa ba ta halatta, domin gocewar da iska ke jawowa ta danganta da yawan nauyin da ke sama a wannan lokacin. Haɗi irin 1.2D + 1.0W + 1.0L (D nauyin dindindin, W iska, L nauyin mutane da kaya) dole ya zama lamari guda da aka ɗora duka tare da ninkinsa. Haɗi arba'in, gudu arba'in. Masu bin tsarin ASD, wanda ke rage iyakar ƙarfin gaɓa maimakon ninka nauyi, su ninka nauyin da 1.6 kafin gudu, su raba sakamakon da 1.6 bayansa. Haka kuma sandunan gicciye sirara da ke aiki a ja kawai: in ba a gaya wa manhaja ba, za ta bar su su ɗauki turi, ginin ya bayyana da ninkin taurin da yake da shi.

Duba da hannu a nan ma. Hawa mai tsayin mita 3.6, nauyin sama 9,000 kN, turin gefe 300 kN, gocewar farko milimita 10, duk ginshiƙansa na kafaffen firam. Nauyin tanƙwarar hawan kusan 0.85 × 300 × 3,600 ÷ 10 ne, wato 91,800 kN. Ninkin zai zama 1 ÷ (1 − 9,000/91,800), kusan 1.11. Manhaja ta ba da abin da ke kusa da milimita 11. In ninkin wani hawa ya haura 1.5, a ra'ayina ba lissafi ne ya kamata a ƙara wa zurfi ba, ginin ne ke bukatar gicciye ko manyan ginshiƙai.

Yana da kyau a gudanar da lissafin tanƙwara a kan haɗin da ya fi nauyi. Zai ba da lambar da za a ninka nauyin da ita kafin firam ya tanƙware. A ƙa'idar Turai, idan lambar ta kai 10 ana iya wadatuwa da lissafin farko. Ƙasa da 3 kuwa ninki na hannu bai isa ba. Amma a kalli hoton, kada a tsaya a lambar. Sau da yawa salon farko wata 'yar sanda ce a rufi ke lanƙwashewa ita kaɗai, na ginin gaba ɗaya yana can a na biyar ko na shida. Lamba mai alamar ragi tana nufin sai an juya nauyin kafin a tanƙware.

Mataki na takwas: karanta launuka da shakka

Manhaja za ta fenta gaɓoɓi kore da ja gwargwadon kason da ke haɗa turi da lanƙwasa. Idan turi ya kai 0.2 na iyakarsa, kason shi ne na turi a tara da 8/9 na kason lanƙwasa, kuma kada ya wuce 1.0. Koren yana da gaskiya ne kawai idan tsawon da ba tokara da manhaja ta ɗauka gaskiya ne. Bim yana iya kifewa gefe yana murɗewa idan leɓen da ke cikin matsi ba shi da abin riƙo. A rufin sito, ƙananan ƙarafan da kwano ke kwanciya a kansu suna riƙe leɓen sama. Amma idan iska ta ɗaga rufin, a haɗin 0.9D + 1.0W, matsin yana komawa leɓen ƙasa, wanda babu abin da ke riƙe da shi sai an saka 'yan tokara daga waɗannan ƙarafa zuwa gare shi. Kusa da kusurwar da rufi ya haɗu da ginshiƙi ma leɓen ƙasa ne ke cikin matsi ko babu iska. A shigar da tsawon leɓen sama da na ƙasa daban-daban, da hannu.

Rufin zauren wasanni na Hatfod a Amurka ya rufta a Janairun 1978 ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sa'o'i kaɗan bayan 'yan kallo sun watse. Da kwamfuta aka yi lissafinsa. Binciken da ya biyo baya ya nuna an ɗauka sandunan sama suna da tokarar da a zahiri ba ta riƙe su yadda aka zata ba.

A ɓangaren gocewa, abin da aka saba shi ne bim kada ya sauka fiye da L/360 da nauyin mutane da kaya, gini mai tsayin H kuma kada ya goce fiye da H/400 zuwa H/500 da iskar yau da kullum. Sito mai ƙugiyar ɗaga kaya da ke gudu a kan dogo yana bukatar abin da ya fi haka tsauri, a karɓi iyakar daga mai sayar da ƙugiyar.

Idan ana son wuce nan

Akwai lissafin da ke bin ginin har bayan ƙarfe ya fara saki. Ana saka gaɓar saki a bakin bim da ginshiƙi, ko a yanka jikin ƙarfen zare-zare kowane da halinsa, a riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har firam ya gaza. Rataye na 1 na AISC 360 ya yarda da shi, da sharaɗin a rage tauri da ƙarfin saki zuwa 0.9, a saka karkatar gini da lanƙwasar gaɓa ta L/1000 da damuwar masana'anta, kuma ƙarafan su zama masu kaurin da zai jure juyawa ba tare da leɓe ya naɗe ba. Yana da amfani wurin tantance tsohon ginin da za a ƙara wa hawa, ko duba abin da zai faru in an rasa ginshiƙi ɗaya. Don ginin ofis na hawa huɗu wahala ce kawai. Mai son koyo ya fara da MASTAN2, kyauta ce kuma tana nuna kowane mataki; OpenSees ta fi ta zurfi amma sai an rubuta umarni.

A irin wannan lissafi za ka sha ganin saƙon cewa amsa ta ƙi tsayawa. Kada ka yi saurin sassauta ma'aunin kuskure don saƙon ya ɓace. Duba a kashi nawa na nauyi ya tsaya. In a matakin farko ne, samfurin ne ke da ɗigo sakakke ko gicciyen ja da suka saki duka a lokaci ɗaya. In a kashi 80 ko 90 ne kuma gocewa tana ta hauhawa, ginin ne ya kai iyakarsa. In yana tsayawa nan da can ba tsari, rage girman mataki daga kashi 10 zuwa kashi 2. Hanyar Newton da Raphson ba ta iya haye ƙololuwar nauyi, don ganin abin da ke bayanta sai a koma sarrafa gocewa maimakon nauyi.

Abin da za a miƙa wa mai ƙera ƙarfe

A ba shi ƙarfin kowace mahaɗa daga haɗin nauyi ɗaya ɗaya, turi da yanka da lanƙwasa waɗanda suka faru tare, kada a tsinto mafi girman kowanne daga haɗi daban-daban ba tare da an faɗa masa ba. A rubuta a zane wace mahaɗa aka ɗauka kafaffiya, wacce sakakkiya, da wurin kowace tokarar leɓen ƙasa. Idan ya dawo da zanen ƙira na manhajar Tekla, a gwada shi da samfurin mahaɗa bayan mahaɗa. In ya sauya faranti mai kauri da siriri, ko ya matsar da gicciye don a sami ƙofa, a gyara samfurin a sake gudu. Sannan a rubuta wa ɗan kwangila cewa lissafin na ginin da aka gama ne, mai dakali da kwano da gicciye duka. Firam ɗin da aka tayar rabi, notinsa ba a ɗaure ba, yana bukatar igiyoyin riƙo na wucin gadi da nasa lissafin, musamman a watannin da guguwar yashi ke tasowa a Riyad da gabashin ƙasar.